Mu Hau Keke Mu San Ƙasarmu

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi magana a kan wani abu da yawancinmu muka raina, watau keke. A yau in yaro ya zo makaranta bisa keke, sai ka ji ana ce masa, "Har yanzu ba a sayi babur a gidanku ba?" Ni kaina an sha faɗa mini haka, har nakan ɓoye nawa a bayan aji don kada a gani. Amma tun hutun hunturun da ya wuce na daina jin wannan kunya. Ra'ayina shi ne, duk ɗalibin da ke son sanin ƙasarsa, to, ya hau keke ya bi 'yan hanyoyin ƙauye da ke ratsa tsakanin duwatsu. Bari in faɗa muku yadda aka yi na gane haka.

A cikin wannan hutu Yayana ya ce zai je Birnin Kudu gai da kawunmu, kuma a kan keke zai tafi daga nan Dutse, tafiyar kimanin kilomita 40. Na ce zan bi shi, ni da abokaina biyu. Da muka je neman izni, Baba ya ce sam bai yarda ba, don ya san yadda manyan motoci ke gudu a kan kwalta. Yaya ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba za mu hau titi ba sai wurin da za mu tsallaka. Hanyar burji da turbar ƙafa za mu bi." Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, ga ƙanenka nan amana. Kada magariba ta same ku a hanya." Sa'an nan ya ba ni tsohon kekensa ƙirar Raleigh, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, sanyi na kaɗa mu. Kafin rana ta fito sosai mun bar gari a baya, ba ka jin kome sai ƙarar sarƙa da kukan kurciya. Duk wanda ya zauna a Dutse ya san daga duwatsun nan garin ya sami sunansa, amma ni ban san girmansu ba sai ran nan da na ratsa ta gindinsu. Wani dutsen ya hau kan wani ya zauna, kai ka ce da hannu aka ɗora shi. Muka wuce itatuwan dabino da kuka da ɗorawa, muka wuce mata suna sussukar dawa a bakin rumbuna, muka tsaya garken shanu ya gama tsallake hanya. Na sha bin wannan yanki cikin mota, amma abin da nake gani ta taga bai wuce ƙura da bayan motar da ke gabanmu ba.

Kada ku zaci tafiyar duk daɗi ce. Keken Baba ba shi da giya, saboda haka in muka zo hawa sai in miƙe tsaye bisa feda ina nishi, in abin ya gagara in sauka in tura. Inda rairayi ya yi yawa kuwa, dukanmu turawa muke yi. A wata gangara abokina ya danne birkin gaba shi kaɗai, sai ga shi a ƙasa, gwiwa ta kuje. Nan Yaya ya koya mana cewa a gangara birki biyu ake kamawa tare, a hankali, tun kafin keke ya ɗauki gudu. Da hantsi kuma ƙaya ta huda mini taya a kusa da wani ɗan ƙauye. Muna cikin yin faci sai wani dattijo ya fito, muka gaishe shi. Ya ce, "Samari, daga ina haka?" Da ya ji daga Dutse muke a kan keke, sai ya yi murmushi, ya sa aka kawo mana ruwa da fura. Ya faɗa mana sunan kowane dutse da muke hange, ya kuma nuna mana turbar da ba ta da yashi. Da a mota muke, da ko sallama ba za ta haɗa mu da shi ba.

Bayan azahar muka isa. Kashegari Kawu ya kai mu mu ga zanen da mutanen da suka yi a jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Zanen shanu ne, amma abin mamaki ba su da tozo kamar shanunmu na yanzu. Akwai kuma wasu duwatsu da in ka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar ƙarfe. Wani Bature masanin kayan tarihi mai suna Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952, ya zo ya yi nazarin waɗannan duwatsu masu amo a 1955. Jama'a, ku duba wannan al'amari. Mutum ya taso daga Ingila ya zo ya gani, ya rubuta, duniya ta sani. Mu kuwa da muke maƙwabta, da na tambayi 'yan ajinmu bayan hutu, kaɗan ne suka taɓa zuwa. Mun san sunayen 'yan ƙwallon Turai a waya, ba mu san abin da ke bayan gidanmu ba.

Wani zai ce, ai ana iya zuwa a mota ko a babur. Gaskiya ne. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tsada ƙwarai, ɗalibi nawa ne zai iya biya don yawon buɗe ido kawai? Keke ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, kuma kusan kowane ƙauye akwai mai gyaransa. Bugu da ƙari, mai babur ƙararsa kan riga shi isa, tsuntsu ya tashi, akuya ta gudu, shi kuma idonsa na kan hanya. Mai keke shi ne ke tafiya daidai yadda ido zai gani, kunne ya ji, baki ya yi gaisuwa. Wanda ya hau tudu da ƙarfin cinyarsa ba zai manta da darasin labarin ƙasa a kan tudu da kwari ba.

Yanzu sai in juyo gare ku, iyayenmu. Tsoron da kuke ji a kanmu ba na banza ba ne. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, wata bas ta ture shi a Abuja yana bisa kekensa. In minista bai tsira a babban titi ba, ina ga ɗan makaranta? Haka kuma akwai sassan ƙasar nan da ba a shiga dajinsu saboda 'yan fashi da masu satar mutane, kuma babu mai hankalin da zai ce a tura yara can. To, amma maganin wannan ba shi ne a kulle mu a gida ba. Maganinsa shi ne a zaɓi hanya marar motoci a yankin da ke zaune lafiya, a tambayi mutanen wurin tukuna, a tafi cikin ƙungiya tare da babba, a dawo da sauran rana.

Saboda haka ina roƙon hukumar makaranta ta yarda mu kafa ƙungiyar mahaya keke. Mu fara da 'yar gajeriyar tafiya, kamar kilomita 15, ranar Asabar, tare da malami ɗaya ko biyu. A aika wa dagacin ƙauyen da za mu je tun da wuri. Kowa ya duba birkinsa kafin a tashi, ya ɗaure gorar ruwa a kariya, a kuma riƙe famfo da kayan faci da na ɗaurin rauni. Kowane ɗalibi ya zo da ɗan littafi ya rubuta sunayen duwatsu da itatuwa da abin da dattawa suka faɗa masa. Tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 3 ga Yuni ta zama ranar keke, amma mu nan lokacin zafi ne da farkon damina, don haka Disamba ko Janairu sun fi dacewa da mu. Wanda ba shi da keke a ara masa, kada rashi ya hana kowa.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin bai kamata mu yi jinkiri ba. A hanyarmu ta dawowa mun wuce inda ake fasa dutse ana loda wa motoci, rabinsa ya riga ya tafi. Dattijon nan da ya ba mu fura kuma ba yaro ba ne, in ya kau, sunayen nan da ya sani wa zai faɗa mana? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ni dai na gani, kuma yanzu a ƙofar aji nake jingine keken Baba, kowa ya kalla. Allah Ya sa iyayenmu da malamanmu su duba wannan roƙo, amin.