Bayan An Yi Wa Uwargida Aiki, Kada Mu Ɓata Mata Lokaci



Maganar da zan yi yau ba irin wadda muka saba yi a majalisa bayan sallar isha'i ba ce. Maganar haihuwa ce, kuma ta cikin gidana ce. Na san wasu za su ce a bar kaza cikin gashinta. To, sai da na nemi izinin uwargida, ta ce, "Malam, rubuta, in dai zai hana wata 'yar uwa shan wuyar da na sha."

Mun yi aure a shekarar 2016. Tun tana budurwa take fama da ciwon mara, irin wanda in al'ada ta zo sai ta yi kwana 3 a kwance, har da amai. A gida aka ce in ta yi aure zai daina. Bai daina ba. Aka ce in ta haihu zai daina. Haihuwar ba ta zo ba. Daga nan kowa ya ce sanyi ne. Shekara 5 ina sayen maganin sanyi, na jarka da na ƙulli, na sha da na tsarki, wani a nan Agege, wani kuma Hajiyata ta aiko min ta hannun direban motar albasa.

Sai a 2022 wani likitan mata a nan Ikko ya gaya mana sunan ciwon: endometiriyosis. Wato irin naman nan da ke shimfiɗe a cikin mahaifa, wanda ke zuba duk wata ya zama jinin al'ada, shi ne ake samun makamancinsa ya tsiro a wajen mahaifa, a kan gidan ƙwai ko bututun mahaifa ko bangon mara. Duk wata shi ma yana kumbura ya yi jini, amma ba shi da hanyar fita. Sai ya haifar da ciwo da tabo, har kayan ciki su manne da juna, ƙwai ya rasa hanyar haɗuwa da maniyyi. Ba ƙwayar cuta ba ce, ba a ɗaukarsa daga miji ko bayan gida, don haka maganin sanyi ba ya taɓa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 10 da ke shekarun haihuwa na da shi, wato wajen mata miliyan 190. Ku duba matan unguwarmu ku yi lissafi.

Aka yi mata aiki, irin wanda ake yin 'yan ƙananan huji a ciki a zura kyamara. Aka cire ƙullutu mai cike da tsohon jini daga gidan ƙwanta na hagu, aka raba wuraren da suka manne. Ranar da aka sallame mu, likita ya zaunar da ni ya ce, "Alhaji, aikin nan ba ya kashe ciwon, yana iya dawowa. Watannin da ke tafe su ne damarku. Da zarar ta warke ku nemi ciki, in an yi wata 6 zuwa shekara babu labari, ku dawo. Kai ma ka je a gwada ka."

Na ce to. Amma ga abin da na aikata, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Mu mazauna kudu muna da wata ɗabi'a: da mace ta yi rashin lafiya ko ta haihu, sai a tura ta gida. Ba laifi ba ne, domin a nan ba mu da iyaye da goggonni da za su kula da ita, mu kuma muna kasuwa tun asuba. Hajiya ta bugo waya ta ce a kawo mata 'yarta ta yi jinya a gabanta. Wa zai ce wa mahaifiyarsa a'a? Aka ce mako 3. Aka ce ta tsaya bikin ƙanwata. Aka ce azumi ya matso, ta bari sai bayan salla. Jama'a, wata 5 ta yi a Katsina ni ina Agege. To ta ina cikin zai shiga?

Ku sani, kwanakin da mace ke iya ɗaukar ciki a kowane wata ba su wuce 6 ba, wato ranar da ƙwai ya fito da kwana 5 kafinta, kuma ƙwan kan fito ne kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Ke nan wata 5 dama 5 ce na zubar da hannuna, a daidai lokacin da likita ya ce damar ta fi ƙarfi. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, ni kuwa na bari ya huce. Wannan magana ta shafi 'yan uwanmu da suka bar iyali a arewa, ba sa zuwa gida sai salla-salla, sannan in an yi shekara 3 babu ciki a fara kiran baiwar Allah juya. Ku ji tsoron Allah.

Kuskurena na biyu, gwajin da aka ce in yi. Wata 8 ina kwana-kwana. Girman kai ne kawai, ina ganin ni namiji ne lafiyayye. Alhali gwajin maniyyi ya fi duk gwaje-gwajen da aka yi wa uwargida sauƙi da araha: ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka bayar, ka karɓi sakamako. Da na yi, sai ga shi ni ma da nawa raunin. Likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, namiji na da hannu a matsalar. Matar nan ta kwanta an huda mata ciki, ni kuwa 'yar kwalba ta gagare ni.

Akwai wasu abubuwa da na koya a makare, ina so ku riga ni saninsu. Na farko, ƙwayoyi da alluran da ake ba mai wannan ciwo don su danne shi, yawancinsu suna hana ɗaukar ciki muddin ana amfani da su. Don haka ku gaya wa likita ƙarara cewa haihuwa kuke nema yanzu. Na biyu, duk aikin da aka yi a kan gidan ƙwai yana iya rage yawan ƙwan da ya saura, kuma ƙwan mace dama yana raguwa da shekaru, musamman bayan 35. Kada a ɗauka in ciwon ya dawo sai kawai a sake yanka. Na uku, ciki ba maganin ciwon ba ne. Yana iya lafawa lokacin goyon ciki, ya dawo daga baya. Na huɗu, ka raka matarka asibiti. Da yawa daga matanmu ba sa jin Turanci ko Yarabanci sosai, ga kunya, sai su dawo da "likita ya ce ba komai." Ka tambaya: bututun mahaifa a buɗe suke? Wata nawa za mu jira? Ka karɓi takardar bayanin aikin ka adana, domin duk likitan da za ku gani nan gaba zai neme ta.

Wani zai ce, ai haihuwa ta Allah ce. Ƙwarai kuwa. Arziki ma na Allah ne, amma ba wanda ya zauna a ƙauyensu yana jira, duk mun hau mota mun taho kurmi. Wani kuma zai ce in ƙara aure, kuma an sha gaya min. Ban ce haramun ba ne. Amma kishiya ba ta warkar da ciwon mara, kuma in raunin daga wajenka yake, mata biyu ka tara suna jira.

Sai maganar IVF, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji, a mayar mata a mahaifa. Tun 1978 aka haifi jaririya ta farko ta wannan hanya a Ingila, kuma ana yi a nan Ikko da Abuja. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta shi idan akwai buƙata, da sharaɗin ƙwai da maniyyi da mahaifa duk na ma'auratan ne, ba na wani ko wata ba. Yana da tsada, kuma ba kowane gwaji ke kamawa ba. Amma in muna iya yin adashi don biki da kujerar Makka, ban ga abin kunya a yi shi don wannan ba.

Har yau da nake rubutun nan Allah bai ba mu haihuwa ba. Ciwon ya fara yi wa uwargida sallama kaɗan-kaɗan, ni kuma ina kan magani, muna tara abin da ya sawwaƙa. Ba ta taɓa goranta min watannin nan 5 ba, amma ni ban manta da su ba. Da Hajiya ta sake cewa a kawo ta gida ta huta, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan karon ke za ki zo mana." Ta zo, ta raka mu asibiti, ta ji da kunnenta. Tun ranar ba ta sake aiko da jarka ba.

Allah Ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Ku sa mu a addu'a.

Wassalam. Naku, daga Agege.