RUWAN KWARA DA ALJIHUN MANOMIN TANDA

Ya ku 'yan'uwa talakawa! A karanta wannan a kowane reshe ranar kasuwa.

A shekarar 2010 gwamnatin Nijar ta kafa dokar ruwa, wadda ta ce mai ɗibar ruwa ya biya, mai ɓata shi ma ya biya. Mu ba mu ƙi a kiyaye kogi ba. Fadamun Gaya da na Dallol Mauri in suka bushe, mu ne farkon kuka. Amma muna tambaya, yaushe manomin Tanda ya taɓa samun ruwa kyauta?

Tun bayan taron Damagaram na 1982, da aka ɗora wa ƙungiyoyin manoma riƙon filayen ONAHA, mai shinkafa ke biyan kuɗin wuta da gyaran magudana, ko gona ta yi ko ba ta yi ba. Mai injin kansa kuwa da man Nijeriya ya dogara. Da aka janye tallafin mai a can a 2023, ban-ruwa ya yi tsada. A wannan shekara kuma aka rufe gadar Malanbil, mai albasa ya rasa kasuwarsa ta kusa. Jakin da ya durƙushe shi za a ƙara wa kaya?

Ga bukatarmu. A fara auna ruwan kamfanoni da manyan gonaki, a ɗauke wa mai ƙaramin fage haraji, manoma kuma su sami kujera inda ake yanke farashi.

Sakatarorin rassa su rubuto mana abin da manomansu suka kashe a noman ranin bana kafin taro mai zuwa.