Mun Shiga Gida-Gida Neman Ƙuri'a, Yanzu Mu Koma Saboda Amai da Gudawa



Iyayena, yayyena da ƙannena mata 'yan jam'iyya, shugabannin mata na mazaɓu da na akwatuna, barkanmu da damina. Saƙon yau yana da ɗan tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshensa. Wadda ba ta karatun boko a karanta mata.

Makon jiya gida biyu na shiga gaisuwar mutuwa a unguwa ɗaya. Na farko yaro ne ɗan shekara huɗu, na biyu matar aure ce mai goyo. Labarin duk iri ɗaya ne. Ciki ya ɓaci da la'asar, aka aika kemis aka sayo ja-da-yalo, aka ce bari a ga wayewar gari. Kafin a samu Adaidaita da asuba jiki ya riga ya saki. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Ita matar na san ta. Sunanta yana cikin littafin da muka yi rajistar mata lokacin kamfe. Ranar zaɓe tun ƙarfe bakwai take kan layi da goyonta a baya. Sau uku muka shiga gidanta kafin zaɓe, da atamfa da sabulu. Tun daga ranar ba wadda ta sake leƙa ta a cikinmu, har da ni, sai ranar da muka je gaisuwarta. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Kwana ya ƙare, wannan haka yake, kuma ba mai ja da ƙaddara. Amma duk wadda ta zauna gaban malam a Islamiyya ta san an umarce mu da neman magani da riƙo da sababi. Amai da gudawa, wato kwalara, ba iska ba ce, ba sammu ba ce. Ƙwayar cuta ce da ke fita cikin bayan gidan mai ɗauke da ita, ta shiga ruwa ko abinci, wani ya sha. Shi ya sa take tashi da damina: ruwa ya cika masai, kwata ta tumbatsa, ƙazanta ta gangara rijiya. A 2021 mutum sama da dubu 100 aka lissafa sun kamu a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara ne a sahun gaba. A Maiduguri ma, bayan madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumban 2024, cikin 'yan makonni cutar ta biyo bayan ambaliyar.

Abin da ke kashe mutum shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma cikin 'yan awanni take yin wannan aika-aika. Idan aka mayar wa jiki ruwansa da wuri, a cikin mutum 100 da wuya a rasa ko ɗaya. Kun ga ashe maganin farko yana hannunmu mu mata, tunda mu ne a gida lokacin da ciwon ke farawa.

To ga abin da nake so kowacce ta haddace, ta kuma koya wa maƙwabciyarta.

Da zarar gudawa ta fara, musamman idan tana zuba kamar ruwan wankin shinkafa, a haɗa ruwan gishiri da sukari. Idan akwai ƙullin ORS, a juye shi duka cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, wato ledar fiya wata guda biyu. Idan babu, a lita ɗayan a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi shida da gishiri rabin cokali, a shafe, ba tozo. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Ko ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Wanda ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Mai shan nono kada a janye masa nono. Yara a haɗa musu da ƙwayar zinc kullum har kwana 10 zuwa 14, kamar yadda ma'aikacin lafiya zai nuna.

Amma fa ruwan gishiri da sukari guzurin hanya ne. Idan ido ya zurma, maɗigar jariri ta faɗa, fitsari ya ɗauke, ko aka ja fatar ciki ta ƙi komawa da sauri, ko mara lafiya ya kasa sha, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne, ana tafiya ana ba shi. A can ne ake ƙarin ruwa. Ja-da-yalo da filajin na kemis ba sa mayar da ruwan da ya zube.

Akwai magana ɗaya da ba mu cika son faɗa a fili ba. Mata da yawa suna zaune da yaro yana zuba suna jiran maigida ya dawo ya ba da izini. 'Yan uwa, yau ɗin nan, tun kowa yana lafiya, ki zauna da maigidanki cikin ladabi ki nemi izinin tun yanzu: idan irin wannan ta taso ba ka nan, na wuce asibiti? Ki kuma ɗaure ɗan kuɗin mota a gefe, ko daga adashe ne. Ban ga namijin kirki da zai hana ba.

Sai tsafta, wadda muka taso muna jin ana cewa cikon addini ce. Ruwan sha a tafasa shi, ko a sa masa maganin kulorin a jira minti 30. Randa a rufe, moɗa ta zama mai mariƙi, kada yara su riƙa tsoma hannu. Ruwan 'yan garuwa ba mu san inda aka ɗebo shi ba, shi ma a gyara shi kafin a sha. Kashin yaro ba shi da wani tsarki, a juye fo a masai a wanke hannu da sabulu. A gidan biki da suna a daina ajiye roba ɗaya mutum ashirin su wanke hannu a ciki, a zuba wa kowa da buta. Masu sana'ar zoɓo, kunun aya, ƙanƙara da kwaɗon latas, yawancinsu mu ne. Mu ji tsoron Allah a kan ruwan da muke haɗa abin sayarwa da shi. Idan kuma an yi rashi ta wannan cuta, masu wankan gawa su nemi ma'aikatan lafiya su ba su safar hannu da kulorin, don ta nan ma ana ɗauka.

Yanzu bari in juyo kan namu na jam'iyya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kwashe shara, bayan gidan jama'a a kasuwa da tasha, da sa hannu a kula da ƙananan asibitoci, duk suna cikin ayyukan da tsarin mulki ya lissafa wa ƙaramar hukuma. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Tun 2014 kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, kuma manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Saboda haka idan muka tambayi kansila me ya sa famfon unguwa ya shekara a mace, ko me ya sa asibitin sha-ka-tafi ke kulle da magariba, ba rashin kunya muka yi ba, ba kuma zagon ƙasa muke wa jam'iyya ba. Mu muka tsaya a rana muka kawo su. Mu ne kuma za mu koma gidajen nan zaɓe mai zuwa, a dube mu ido cikin ido a tambaye mu.

Don haka ga aikin da nake roƙon kowace shugabar mata ta mazaɓa ta yi daga yau zuwa Juma'a ta sama:

1. Ki ɗauko littafin nan na kamfe, ki raba gidajen ga matan akwatunanki. Kowane gida a shiga a nuna haɗa ruwan gishiri da sukari a aikace. Har gidajen 'yan adawa, don cutar ba ta tambayar katin jam'iyya, kuma rijiya ɗaya muke sha.

2. Ki je asibitin mazaɓarki da ƙafarki. Ki gaida ma'aikata cikin mutunci, ki tambaya ko akwai ORS, zinc da ruwan ƙari, da kuma wanda ke kwana.

3. Ki rubuto mini famfunan da suka lalace, rijiyoyin da ke dab da masai, da kwatocin da suka toshe, da sunan layi.

4. Idan kika ji mutum biyu ko uku sun kamu a layi ɗaya, ki sanar da mai unguwa da asibiti nan take. Ɓoyewa don gudun abin kunya ita ke sa a yi ta ɗaukar gawa.

Abin da kuka turo zan haɗa shi wuri ɗaya, mu ɗunguma mu kai wa shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli hannu da hannu. Amsar da suka ba mu, mai daɗi ko marar daɗi, a nan zan kawo muku ita in sha Allahu. Don Allah kada a cika mini waya da sitika da "muna tare", rahoto nake jira.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu ga ƙarshen daminar nan cikin alheri. A tura wa sauran guruf-guruf na mazaɓu.

Taku a kullum,
Shugabar Mata