Ba kullum ne laifin jabu ba

A garejin gyaran mota akwai amsar da ke rufe bakin kowa: "Ai jabu aka sayar maka." Takalmin birki ya cinye cikin wata uku, bakanike ya ɗora laifin a kan ɗan kasuwa, mai mota ya biya kuɗin sabo ya kama gabansa. Mutumin da ba zai yarda likita ya rubuta masa magani ba tare da gwaji ba, shi ne yake jingina ransa da na iyalinsa a kan zato.

Jabu na nan a kasuwa, babu musu. Amma tsohon takalmin da aka ciro shaida ne, kuma sau da yawa a bola yake ƙarewa ba wanda ya dube shi. Idan na ciki ya cinye ƙarƙaf alhali na waje yana da sauran kauri, matsalar tana jikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalman a kan faifai: ko fistin ɗinta ya maƙale, ko sandunan da take zamewa a kansu sun bushe da ƙura da tsatsa. Idan ƙafa ɗaya ta fi 'yar uwarta zafi bayan gajeriyar tafiya, birki ne ba ya saki, wani lokaci saboda tiyon roba ya lalace ta ciki yana riƙe mai. Sitiyarin da ke rawa in an taka birki kuwa faifai yake tuhuma. Duk ingancin takalmin da aka ɗora a kan irin wannan lalura, wata uku ɗin zai sake yi.

Man birki ma an mayar da shi abin ciko kawai, alhali raguwarsa saƙo ce: ko takalma sun yi siriri, ko akwai yoyo. Ga shi yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya sha ruwa, mizanin ya sauko zuwa 155. Shi ya sa kamfanonin mota da dama suke cewa a canza shi duk shekara biyu.

Sai kuma direban kansa, wanda bakanike ba zai so ya ɓata wa rai ba. Mai sakin mota a firi yayin gangarowa daga Hawan Kibo, wai yana tattalin fetur, ya tuɓe wa inji aikin riƙe mota ya ɗora wa birki shi kaɗai. Zafi ya taru, mai ya tafasa, ƙafa ta nutse har ƙasa ba tare da motar ta rage gudu ba. Tattalin ma babu shi: a motocin zamani masu injekta, idan mota tana cikin giya kuma an ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutar inji kan yanke fetur ɗin gaba ɗaya, a firi kuwa dole inji ya ci gaba da sha don kada ya mutu.