Fa'idodi da Illolin Tiyatar Fituwitari don Ceton Idon Mai Ciwon Suga

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan karan hanci, akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta fi wake girma ba, wadda likitoci ke kira fituwitari. Ita ke sakin sinadaran da ke tafiyar da girman jiki, haihuwa, ruwan nono, da ƙarfin da jiki ke samu lokacin ciwo. Daga shekarun 1950 zuwa na 1970 likitocin Turai da Amurka sun riƙa cire ta, ko su kashe ta, don kada mai ciwon suga ya makance. Mai karatu a Rey-Buba ko Garwa zai ce, ina ruwan ido da ƙwaƙwalwa?

An gano insulin a Toronto a 1921, yaran da dā ciwon suga ke kashewa suka rayu. Da suka girma sai wata masifa ta ɓullo: ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido suna toshewa, sababbi marasa ƙwari su tsiro, su fashe, jini ya cika idon. Ba yana ba ce balle a kankare. Tun wajen 1930 Bernardo Houssay na Ajantina ya nuna cewa ciwon suga na yin sauƙi a jikin karnukan da aka cire wa wannan ƙwaya. A 1953 likitan Denmak, Jacob Poulsen, ya ba da labarin wata mai ciwon suga da fituwitarinta ta mutu bayan haihuwa, lalacewar idonta kuma ta warware. Rolf Luft da Herbert Olivecrona a Siwidin suna cikin na farko da suka yi tiyatar ga masu suga. Daga baya a asibitin Hammersmith na Landan aka koma cusa ƙwayoyin yitiriyam-90 ta hanci, tururin nukiliyarsu ya ƙone ƙwayar.

Fa'idar ba ƙarya ba ce, kuma ba na son a raina ta. A idanu da yawa sababbin jijiyoyin sun ja da baya, zubar jini ta ragu, gani ya tsaya inda yake. Knud Lundbaek a Aarhus ya kwatanta waɗanda aka yi wa aikin da waɗanda ba a yi wa ba, ya tarar ciwon ya fi saurin cin idon na biyun. A 1976 Eva Kohner da abokan aikinta a Landan sun nuna cewa a nau'in da ya fi zafi, mai makantar da matasa cikin ɗan lokaci, kashe fituwitari ya fi ƙona bayan ido da haske amfani. Saurayin da ke jiran makanta, a zamanin da babu wani magani, wa zai ga laifinsa idan ya sa hannu? Aikin ya kuma buɗe wa masana ido: ashe wasu sinadarai ne ke tsirar da waɗannan jijiyoyi, kuma ana iya daƙile su.

Illar ce dai ta yi nauyi. Wanda aka kashe wa fituwitari zai sha kotison da maganin ƙwayar maƙogwaro har ƙarshen ransa. Namiji ya rasa ƙarfin mazakuta sai da allura, mace haila ta ɗauke, haihuwa kuwa ta yi wuya ga duka biyun. Ƙashi na iya yin rauni. Wasu fitsari ya dinga zuba, ƙishirwa ba ta yankewa. Wasu ruwan ƙwaƙwalwa ya yi ta ɗiga ta hanci har sanƙarau ya shiga. Mafi muni, jiki ya daina iya tayar da suga idan ya faɗi, insulin kaɗan sai ya sumar da mutum, kuma akwai waɗanda suka tafi ke nan. Wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu, ko idonsa ya riga ya yi tabo, bai cika samun komai ba sai wahalar.

Mu a nan mun san irin wannan rayuwa, ko da ba mu san sunanta ba. Macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, daga nan nono ya ƙi zuwa, haila ta ɗauke, kullum kasala da jin sanyi, sau da yawa fituwitarinta ce ta mutu. Likitoci na kiran wannan ciwon Sheehan. A ƙauyukan Mayo-Rey, inda damina ke yanke hanyar Collire da Garwa, a ce mutum ransa na rataye da ƙwayar kotison, zazzaɓin cizon sauro ko amai da gudawa na kwana biyu ya isa ya kai shi lahira. Azumi ma sai dai ya ciyar.

Abin da ya kawo ƙarshen tiyatar shi ne haske. Gerd Meyer-Schwickerath a Jamus ya fara ƙona bayan ido da haske, sannan leza ta zo. A 1976 wani babban bincike a Amurka ya tabbatar leza na rage haɗarin mummunar makanta da fiye da rabi. Tana ɗan rage ganin gefe da ganin dare, amma mutum zai koma gida da jikinsa cikakke. Yau kuma akwai allurai irin su Avastin da Lucentis da ake yi cikin ido.

Hukuncina: a zamaninta tiyatar tana da uzuri, da babu gara ba daɗi, yau kuwa babu dalilin yin ta don ido. Matsalarmu ita ce zuwa a makare, domin ciwon ba ya zafi, kuma mutum na iya gani garau alhali bayan idonsa na lalacewa. Malam, Hajiya, idan kuna da suga, ku je Garwa a ɗiga muku magani a leƙa bayan idon sau ɗaya a shekara, ku kula da suga da hawan jini. Idan aka tura ku cibiyar ido ta Magrabi kusa da Yawunde, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ku tafi tun idon yana gani.