Kada Abin Da Ya Samu Jaki Ya Samu Kifin Mobula

'Yan uwa mazauna Legas da kewaye. Da yawanmu a nan da busasshen kaya muke ci: banda, kayan miya, fata da ƙirgi. Shi ya sa muka ga ya dace mu ja hankalinku kan wani kifi da ke cikin tekun da muke zaune a bakinsa, tun kafin a shigo mana da cinikinsa.

Sunansa mobula. Turawa na yi masa laƙabi da kifin shaiɗan saboda wasu fiffike biyu da suka fito a goshinsa kamar ƙaho, amma ba ya farautar mutum. Jikinsa shimfiɗaɗɗe ne kamar tabarma, faɗin babbansa kan wuce mita 3. Yana rayuwa a tekuna masu ɗumi: akwai shi a Bahar Rum, da tekun Indiya, da gaɓar Meziko inda dubbai ke taruwa suna tsalle sama da ruwa, da kuma tekun Gini, wato wanda ya taɓa Legas da Badagiri har zuwa Gana. Wani nau'insa an auna nutsonsa ya kusa mita 2,000.

Abincinsa ƙananan halittun ruwa ne. Yakan buɗe baki yana iyo, ruwa ya wuce ta wata rariya da ke wurin numfashinsa, abincin ya maƙale. Wannan rariyar ita ta jawo masa bala'i. Ana yanko ta a busar, a kai ƙasar Sin, musamman birnin Gwanzu da 'yan kasuwarmu suka sani sarai, a sayar a matsayin maganin tsarkake jini, alhali likitoci ba su tabbatar tana da wani amfani ba. Masunta a Siri Lanka da Indiya da Indunusiya sun daɗe suna kama shi saboda ita.

Ga inda matsalar take. Tarwaɗa da karfasa dubban ƙwai suke zubawa, ko an kama da yawa sai su sake cika ruwa. Mobula kuwa haihuwa take yi. Macen takan ɗauki ciki wajen shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tal, kuma ba lallai ta sake haihuwa a shekara mai zuwa ba. Kafin ɗan ya isa haihuwa sai ya yi shekaru. Dabba mai irin wannan haihuwa ba za ta jure kasuwar ƙetare ba.

Mu kam ba sai an ba mu labari ba, mun gani a kan jaki. Jaka ma ciki na shekara take yi, ta haifi ɗa ɗaya. Da masu haɗa magani a Sin suka sa wa fatarsa kuɗi, aka dinga loda jakuna daga Arewa da Nijar ana gangarowa da su Kudu ana yankawa. Dillalai sun samu na ɗan lokaci, amma manomin ƙauye da mai ɗiban ruwa suka wayi gari jaki ya fi ƙarfin aljihunsu. Sai a watan Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta hana yanka jaki saboda fatarsa, bayan ɓarna ta riga ta yi nisa.

Za a ce masunci talaka ne, kuma sau da yawa ba da niyya yake kama mobula ba, a raga take faɗawa. Gaskiya ne, har manyan jiragen kamun kifin tuna ma suna haɗawa da ita. Amma akwai bambanci tsakanin wadda ta mutu a raga aka ci namanta a gari, da wadda aka fita nema takanas don an san mai saye na jira. Ranar da dillali ya sa wa rariyar farashi, ranar masunci zai daina sakin mai rai. Dillalin nan kuwa, a kasuwannin busasshen kaya, yawanci ɗayanmu ne.

Akwai kuma doka. Tun 2016 yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke ciki, ta sa mobula cikin dabbobin da aka ɗaure cinikinsu tsakanin ƙasashe. Kowa ya san yadda jami'an kwastan ke kama ɓawon dankunya a tashoshin Legas. Mai kayan na can ƙetare hankali kwance, ɗan tsakiya ne ke kwana a hannun hukuma, sunan al'ummarmu kuma ya ɓaci.

Don haka roƙonmu uku ne. Duk wanda aka kawo wa kwangilar tara busasshiyar rariyar kifi, ya ƙi, komai daɗin kuɗin. Masu motocin haya da masu shagunan ajiya su san abin da ke cikin buhu kafin su karɓa. Shugabannin kasuwa kuma su sa wannan magana a taronsu na gaba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu halak ɗinmu, ya tsare mu da cinikin da-na-sani.

Sakataren Ƙungiya