Lafiya Uwar Jiki: Rana da Yanar Ido

Jama'a, mun saba ɗora wa tsufa laifin yanar ido, alhali rana ma tana da hannu. A bayan baƙin idonmu akwai ɗan madubi garau wanda furotin ya cika, kuma jiki ba ya sake wanda ya lalace. Cikin hasken rana akwai wani da ba ma gani, likitoci na kiransa UV. Shi ke cin furotin ɗin shekara da shekaru har ya dunƙule, ya yi fari kamar ƙwai a kasko. Soyayyen ƙwai kuwa ba ya komawa ɗanye: babu tozali ko maganin ɗigawa da ke narkar da yana, sai aiki a asibiti. Manomanmu da 'yan kasuwa, a riƙa sa malafa. Tabarau kuma a nemi mai alamar UV400.